Auta Ne Ya Koya Mini Karatu, Da Shi Na Fara

Gwaggo mai filin shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, mako biyu kacal ya rage mini kafin jarrabawata. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da hannuna na yi wasiƙar nan, ba wanda ya taya ni, domin duk waɗanda za su iya taya ni su ne maganar ta shafa. Kwana uku ina rubuta ta, biro biyu suka ƙare. Idan kin ga layi ya hau tudu ya gangaro, ba ganganci ba ne, a kan teburin keken ɗinki nake rubutu, shi kuwa ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Shekarata hamsin da ɗaya ko da biyu, ya danganta da wanda kika tambaya tsakanin yayata da katin asibiti. Ban yi makaranta ina yarinya ba. Shekara uku da suka wuce na gaji da kai takardar magani gidan maƙwabta a karanta mini, kafin in dawo gida rabin layinmu sun san ciwona. Sai na shiga ajin yaƙi da jahilci na manyan mata. An ce gemu ba ya hana ilimi, to ni ko gemun ba ni da shi.

'Ya'yana uku. Babban ya yi aure yana wani gari, babu ruwansa da wannan magana. Mai bi masa mace ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a, Farfesa muke ce mata tun tana 'yar shida saboda yawan tambaya. Sai Auta, namiji, shekararsa sha bakwai, dogo kamar falwaya. Babansu mai gyaran agogo ne. Magana uku yake yi a yini, biyu daga ciki "to" ne.

Malamarmu tana koya mana sau biyu a mako, Allah ya saka mata. Amma tsakani da Allah, Auta ne ya koya mini karatu. Da ya ga baƙaƙe ba sa zama a kaina, sai ya ɗauki almakashina ya yanka su ɗaya bayan ɗaya da ragowar ƙyallaye, ya jera a kan tebur. Ya ce tunda ba na manta yadin da ya taɓa shiga hannuna, ba zan manta waɗannan ba. Haka kuwa aka yi. Duk yamma idan ya dawo daga makaranta sai ya ja kujera ya zauna gefen keke, ya duba aikina, ya sa mini maki da jan biro. Ran da na fara rubuta sunana ba tare da na leƙa ba, ya ɗaga littafin ya zaga tsakar gida da shi yana ihu, har babansa ya ce "to" sau biyu a jere.

Gwaggo, tun da idona ya buɗe ba abin da ya tsira. Na karanta gwangwanin madara, na karanta bayan mota, na karanta takardar da aka naɗo mini sabulu a ciki. Shekara arba'in da takwas takardu suna wuce ni kamar ba su san ni ba, yanzu kuwa kowace sai na tsayar da ita mun gaisa. Daga nan na kai ga takardun sakamakon jarrabawar Auta, waɗanda da can shi yake karanta mini. Ashe duk shekarun nan da gyara yake karantawa. Inda malami ya rubuta ya cika surutu a aji, ni abin da aka karanta mini shi ne yana da ƙoƙarin amsa tambaya. Har tukuici na ba shi a kan wannan.

Tun daga ranar na ce idona ne zai riƙa gane mini. Na fara da aljihun wandonsa idan zan yi wanki. Na koma littattafansa. Na koma wayarsa idan ya shiga wanka. A nan na gamu da wata mai suna Zuma, mai yawan tambayar ko ya ci abinci, kamar a gidansu ba a dafawa. Na bari sai da muka zauna cin abinci gaban babansa na tambaye shi wace ce Zuma, kuma ƙudan wane gida ne suka yi ta. Ya shaƙe da ruwa. Washegari ya sa wa wayar lambar sirri. Shekarar haihuwarsa ya sa. Gwaggo, a duk duniya wa ya fi ni sanin wannan shekara?

To ga inda abin ya ɓaci. Aikin gama jami'a da aka ba Farfesa shi ne ta binciko abin da ke sa matasa barin gida, da abin da suke tararwa a kan titi. Wata uku tana bin wata malama mai aiki da irin yaran nan, su je babbar tasha, su je ƙarƙashin gada, su je bayan kasuwa, tana yi musu tambayoyi tana cike takardu. Takardun ta zuba su a kwali ta ɗora a kan sif, ta rubuta da manyan baƙaƙe: SIRRI, KADA A TAƁA. Da a ce lokacin da ban iya karatu ba ne, kwalin nan sai ya shekara ban ɗaga kai na kalle shi ba. Amma wanda ya rubuta wa ɗan sabon karatu "kada a taɓa" ai katin gayyata ya aiko masa.

Na taka kujera na sauko da shi. Takardu sittin ne. Ba na iya karanta su sai ba kowa a gida, kuma kwana huɗu kawai Farfesa za ta yi ba ta nan, don haka na yanka wa kaina sha biyar kullum, na kuwa gama daidai.

Ban san haka duniya take ba. Babu sunan kowa, lamba ce kawai a saman kowace takarda. Akwai wanda ranar da ya sauka a tasha aka raba shi da takalmi da jaka kafin ya san gabas. Akwai masu shaƙar wani abu a tsumma don kada su ji yunwa. Akwai wanda mota ta taka masa ƙafa, ya ɗaure da leda har ciwon ya ruɓe. Akwai waɗanda manya ke aike da ƙunshin da ba su san abin da ke ciki ba, idan an zo kame su ake kwashewa. Akwai yarinyar da wata mata ta yi wa alkawarin aiki a wani gari, sauran labarin ba zan iya rubuta shi ba. Na yi kuka har na jiƙa yadin wata mai kawo ɗinki, na ce mata ruwan guga ne. Dalilan barin gidan kuwa, wasu duka ne, wasu yunwa, wasu mutuwar iyaye ko rabuwarsu. Amma akwai waɗanda suka ce faɗa kullum, akwai wanda ya ce ba a taɓa kiran sunansa ba sai an haɗa da na ɗan maƙwabta mai ƙoƙari. Nan na sake karanta layin, domin ɗan mai kanti na kusa da mu ya sha shiga bakina.

A can ƙasan kwalin, bayan sittin ɗin, sai ga wata takarda daban. Ita ba lamba, "gwaji" aka rubuta a samanta. Na gane daga baya cewa kafin Farfesa ta fita da tambayoyin sai da ta gwada su a kan wani a gida. Ba sai an gaya mini wane ne ba. Rubutun da ya koya mini rubutu ne. Na kwafe ta kaf a littafina, ga ta nan yadda take.

Sana'ar uba, ya ce gyaran agogo. Sana'ar uwa, ya ce ɗinki da bincike. Ka taɓa tunanin barin gida? Ya ce: "Kullum, musamman idan na fito daga wanka." Me ya sa? Ya ce: "Ba ni da aljihu, ba ni da littafi, ba ni da waya, duk na Mama ne. Ni na koya mata karatu da hannuna, ta fara da ni." Ina za ka je? Ya ce: "Duk inda ba a buɗe ajin manyan mata ba." Tambaya ta ƙarshe, me ya hana ka tafiya? Ya ce: "Jarrabawarta ta kusa, kuma har yanzu rabawa tana ba ta wuya. Idan na tafi faɗuwa za ta yi, mai kifi ta yi mata dariya."

Mai kifi wata ce a ajinmu. Shekara uku muna kokawa a kan na ɗaya ni da ita, kuma dariyarta ana jin ta daga bakin titi.

Gwaggo, na zauna a ƙasa da takardar nan a hannu. Na farko dai ya tona mini asiri a takardar jami'a cewa ban iya rabawa ba. Wannan na yafe. Na biyun ne ya hana ni sukuni. Yaro ya faɗa da bakinsa, jarrabawata ce kaɗai ta riƙe shi. Ke nan ranar da na ci, ya ɗauki jaka. Kuma ba ni da bakin tambayarsa, domin idan na tambaya zai ce a ina na gani, amsar kuwa ita ce ainihin abin da yake kuka da shi.

Da farko na gwada kirki. Kusan mako guda ban yi masa faɗa ba. Ya bar kwano a ƙarƙashin gado, na ɗauka na ce sannu. Ya dawo daga ƙwallo da wando a yage, na ce Allah ya sa an ci. Rana ta biyar na ga yana bina da ido. Rana ta shida babansu ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya cire gilashin idonsa, ya yi magana ta huɗu a yini, karo na farko tun aurenmu. Ya ce in gaya masa gaskiya, me likita ya ce. Dole na koma faɗa don hankalin gidan ya kwanta.

Sai na ce gani ya kori ji, bari in je in ga inda ɗana zai kwana. Wata safiya na ce zan sayo zare, na wuce babbar tasha da littafina. Bayan rumfar masu faci na tarar da samari biyu 'yan dako, dogo da gajere, suna jiran mota ta sauke kaya. Na ce musu bincike nake yi. Suka kalli littafina mai hoton zomo a bango, suka kalli juna, ɗaya ya ce Mama daga wace jami'a. Na ce wadda ta haifi jami'ar. Suka yi dariya suka matsa mini a benci.

Na tambaye su ko uwa mai binciken aljihu tana korar ɗa. Gajeren ya ce wallahi irin wannan uwar ce ta kore shi, ko tari ya yi sai ta tambayi wa ya koya masa. Dogon ya ce masa rufe mana baki, kai gata ne ya yi maka yawa. Ya ce shi da ya bar gida sai da aka yi mako uku kafin wani ya lura tabarmarsa ba kowa, kuma da a ce sau ɗaya wani ya taɓa sa hannu a aljihunsa don ya san abin da yake ciki, da yanzu yana gida. Gajeren ya ce to su yi musaya. Dogon ya ce ya yarda, har da ciko. Suka yi ta musu kamar za su daku, ni ina tsakiya ina rubutawa ba na cim musu. Da na ga gwiwar wandon dogon a buɗe, na ciro allura da zare daga jaka na kama masa. Da na gama, ya ce rabon da a yi masa ɗinki ba tare da ya roƙa ba har ya manta. Na tambaye su a ina suke kwana, suka nuna mini kwalaye a jingine bayan rumfar. Tsawon kwalin ko ƙafar Auta ba zai ɗauka ba. Na dawo gida ba zare, ba amsa. Bincike ya kori wannan, rashin bincike ya kori wancan, to ni wanne zan kama?

A hanyar dawowa dabara ta zo mini. Tunda rashin iya rabawa ne ya riƙe shi, to ba zan iya ba. Gaskiyar magana, na iya tun watan jiya. Ranar da abin ya buɗe mini ina yanka yadi ne gida huɗu, na ga ashe rabawar ke nan, shekara talatin ina yin ta da almakashi. Amma na ɓoye. Yanzu duk yamma idan ya ba ni lissafi sai in nemo amsar gaskiya a zuci, in rubuta wata. Kin san faɗuwa da gangan ta fi ci wuya? Sai ka san daidai kafin ka kauce masa. Shekaranjiya ya ce in raba ashirin gida biyar, na rubuta tara. Ya dafe kai. Ya kawo maɓallai ashirin ya jera mini, na raba su daidai da hannu saboda hannun ba ya jin magana, sannan na rubuta tara. A aji ma haka. Malamarmu ta kira ni gefe ta tambaya ko lafiya a gida. Mai kifi ta kawo mini shawarar in riƙa cin kan kifi, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa, za ta rage mini kuɗi.

Jiya kuma abin ya juye mini. Auta ya rufe littafin a hankali, ya ce Mama ƙila shi ne bai iya koyarwa ba, ƙila gara ya haƙura a nemo mini wani. Idonsa ya yi ja. Ya tashi ya fita, bai ko ɗauki jan bironsa ba. Ya dawo dai da yamma, amma tsakanin fitarsa da dawowarsa na ɗinka hannun riga a wuyan riga.

Gwaggo, ina son takardar shaidar cin jarrabawar nan kamar raina. Babansu har ya haɗa mata firem da gilashin wani tsohon agogon bango, ya rataye shi ba komai a ciki, yana jira. Amma takarda ba ta kai ɗa ba. Idan na ci, ya gama aikinsa ya tafi. Idan na faɗi, ya ce ya gaza ya tafi. Idan na yi magana, Farfesa ta san na taɓa kwalinta, shi ya san na karanta takardarsa, su haɗu su tafi. Ki gaya mini, in ci ko in faɗi? Idan faɗuwar ce, da maki nawa, don kada mai kifi ta samu abin faɗa da yawa? Ban sa sunan kowa ba, don haka ba wanda zai gane mu.

Taki cikin damuwa,
Uwar Auta, 'yar aji uku

*

Uwar Auta,

Ki ci jarrabawarki. Na sa wannan a gaba don ko ɗinki ya hana ki ƙarasa karatun amsar, kin dai ji babban.

Dabarar faɗuwa ma ba za ta yi miki ba, domin ba ki iya ɓoyewa ba. Matar da ta raba takardu sittin a kwana huɗu ta samu sha biyar, a tsakiyar wasiƙa, ba tare da ta tsaya ba, ba za ta daɗe tana rubuta tara ba a kama ta. Kuma kin ga abin da dabarar ta fara haifarwa. Abu ɗaya da yaron nan yake alfahari da shi a gidan shi ne ya koya wa uwarsa karatu, shi kike rushewa kullum da yamma. Garin neman gira kina shirin rasa ido.

Yanzu ki buɗe littafinki ki sake karanta amsarsa ta ƙarshe, a hankali, kamar yadda ya koya miki. Kin karanta ta kin ga wa'adi. Ni na karanta na ga yaro ɗan sha bakwai wanda aka tambaya me ya riƙe shi a gida, bai ce abinci ba, bai ce rashin kuɗin mota ba, ya ce ba ya son a yi wa uwarsa dariya. Wanda ya shirya guduwa ba ya damuwa da mai kifi. Kuma ki tuna wa ya miƙa wa takardar: yayarsa, a cikin gida, yana tsokana.

Amma kada ki ce wasa ne kawai ki share. Da dariya ya faɗa, sai dai abin da ya faɗa gaskiya ne. Saurayi yana bukatar wurin da yake nasa, ko da aljihu ɗaya ne. Tambayar Zuma a gaban babansa kuwa, ko ni da furfurata sai na shaƙe. Ke ma kina da taki hujjar, ban hana ki ba. Ya yi shekaru yana karanta miki sakamako da gyara, shi ya fara ɓata yarda, kuma uwa tana da haƙƙin sanin abin da ɗanta ke ciki. Samarin nan biyu na tasha duk gaskiya suka gaya miki, kuma ba su saɓa wa juna ba kamar yadda kika zata. Dogon yana son a kula da shi, gajeren yana son a yarda da shi. Ɗa yana bukatar duka biyun. Kulawa da baki ake yin ta, a tambaya a saurara. Idan ta koma ta hannu a aljihu, ta zama farauta.

Ga abin da za ki yi, bi da bi.

Ki fara da Farfesa, domin laifin da kika yi mata ya fi girma. Yaran nan sittin sun ba ta labarinsu ne bisa alkawarin ba mai gani. Amanarsu kika buɗe, ba tata kaɗai ba. Shi ya sa na rage wasu bayanai daga wasiƙarki kafin a buga. Ki gaya mata, ki ba ta haƙuri, kada ki ƙara maimaita abin da kika karanta ga kowa, ko da yayarki ce. Za ta yi fushi, tana da gaskiya. Ita ma ta koyi darasi: sirrin mutane akwati mai makulli yake so, ba kwali da manyan baƙaƙe ba.

Sannan Auta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ya ja kujera da yamma, ki raba ashirin gida biyar ki rubuta huɗu, ki bar shi ya gama murna. Daga nan ki gaya masa komai: kwalin, takardar, taran ƙarya, da tsoron da ya sa ki. Kada ki haɗa da faɗa, kada ɗan mai kanti ya shigo. Ki tambaye shi kai tsaye ko maganar tafiya tana ransa da gaske, ki yi shiru ki ji, ko da amsar ba ta yi miki daɗi ba. Idan kika ji abin ya wuce tsokana, ko kika ga ya daina cin abinci da ku, ya canza abokai, yana kwana a waje, to ku zauna da babansa da yayarsa, ku nemi shawarar malamar nan da Farfesa ke bi, aikinta ke nan. Babansu ma ya daure ya ƙara magana ta biyar, ya yi ta da ɗansa.

Ku yi yarjejeniya a fili. Takardar makaranta taki ce, ke za ki karanta da idonki, ba gyara. Inda zai je da lokacin dawowa, ya faɗa. Waya da littafi da aljihu nasa ne. Ki ce ya canza lambar sirrin, kuma kada ki taya shi zaɓe. Zuma kuwa ki bar ta ta ci gaba da tambayar abinci, ba ta rage miki komai ba.

Tasha kada ki ƙara zuwa ke kaɗai da sunan sayen zare. Idan zuciyarki na kan samarin nan, kuma na ga alama tana kai, ki bi ta hannun malamar. Allurarki za ta yi amfani a can fiye da littafin zomo.

Abu na ƙarshe, ki daure ki ji shi. Auta zai bar gida wata rana, kamar yadda babban wansa ya bari. Ba a ɗaure ɗa da jahilcin uwa, ba a ɗaure shi da komai ma. Abin da ke hannunki shi ne ta inda zai fita: ta ƙofa da rana tsaka, da addu'arki, yana waiwaye, ko ta katanga. Yaron da ya san zai iya faɗin damuwarsa a gida ba a tona masa asiri a gaban kwanon abinci ba, da wuya ya zaɓi kwali a bayan rumfar masu faci. Kuma aikinsa bai ƙare ba, bayan aji uku akwai aji huɗu, na ji an ce lissafin can har malamai yana sa su gumi.

Tunda ke tela ce, ki ɗinka masa wando mai aljihu da zif. Ki miƙa masa ki ce wannan aljihun ko a wanki ba za ki buɗe ba. Sannan ki cika alkawari, wanda na san zai fi miki rabawa wuya.

Kin ce ba wanda zai gane ku. 'Yar'uwa, tela matar mai gyaran agogo, uwar Farfesa, abokiyar hamayyar mai kifi? Ko ɗan mai kanti ya gane ku. Kuma wanda ya koya miki karatu ya iya karatu. Ki ajiye jaridar nan yanzu, ki je ki riga ta isa wurinsa.

Allah ya ba ki sa'a, ya cika firem ɗin nan, ya shirya miki zuri'a, ya kuma mayar da na kan titi gidajen da za su karɓe su. Mai kifi Allah ya ba ta na biyu.

Gwaggonku